Gado Mai Ɗagawa Da Saukewa: Wa Zai Amfana, Wa Zai Yi Asarar Kuɗinsa?

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a asibitin Barau Dikko da ke Kaduna, ko a asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya, ya san wannan gado. A murɗa wani hannu a ƙasansa sai wajen kai ya tashi, a murɗa wani sai wajen gwiwa ya ɗago. Mun daɗe muna kallonsa a matsayin kayan asibiti kawai, har akwai dattawan da ba za su yarda a shigo musu da shi ɗaki ba, gani suke kamar ana yi musu fatan ciwo. Yanzu ya dawo da sabuwar kama. An lulluɓe shi da yadi mai kyau, an sa masa inji da rimot, masu talla a Facebook da Instagram suna cewa yana maganin ciwon baya, yana kashe munshari, yana kawo barci mai nauyi. A cikin maganar tasu akwai gaskiya, akwai kuma ƙarin gishiri, kuma tunda kuɗin gadon ba na wasa ba ne, ya kamata a tsefe zancen kafin magidanci ya zare kuɗin makarantar yara ya miƙa.

Asalin gadon daga hannun likitocin tiyata ya fito. Wani likita a birnin New York mai suna George Fowler, wanda ya rasu a 1906, ya lura cewa masu fama da ruɓewar cikin ciki sun fi samun sauƙi idan an kishingiɗar da su maimakon a shimfiɗe su sambal, kuma har yau ma'aikatan jinya da sunansa suke kiran wannan kishingiɗa. A 1909 wani likitan Amurka, Willis Gatch, ya ƙera gado mai gaɓa uku da ake ɗaga kansa da gwiwarsa, don a daina tara matasai a bayan mara lafiya. Inji da maɓalli sun zo daga baya. Wannan tarihi ya nuna mana inda amfanin yake: a cikin yadda jiki ya karkata. Inji da rimot sauƙin kai wa ga karkatar kawai suke kawowa. Wanda ya riƙe wannan, mai talla ba zai ruɗe shi ba.

Bari mu fara da baya, tunda a kansa aka fi yin alkawari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, ana kuma hasashen za su kai miliyan 843 a 2050, kuma babu wata larura da ta kai shi hana mutane aiki a duniya. Mu a Kaduna ba sai an kawo mana lissafi ba. Direban da ke tashi daga Kawo ko Mando ya wuni a kan kujera, mai Keke Napep da ke shan ramukan unguwa daga safe zuwa dare, tela a Kasuwar Barci, uwar gida da ke shara da gajeriyar tsintsiya da wanki a sunkuye, ma'aikacin ofis da ba ya tashi sai lokacin salla, kowa da nasa kukan na ƙugu.

Ƙasan bayan mutum ƙasusuwa biyar ne a jere, tsakanin kowane biyu akwai faifai mai taushi da ke shanye nauyi, jijiyoyin da ke sauka ƙafa kuma ta gefensu suke fitowa. Wurin yana da ɗan lanƙwasa ta halitta. Akwai wata tsoka mai ƙarfi da ta taso daga waɗannan ƙasusuwa ta gangara ta kama saman ƙashin cinya. Idan mutum ya kwanta rigingine ya miƙe ƙafafu, tsokar nan tana ɗan janyo ƙugu, lanƙwasar ta ƙaru. Da ya ɗaga gwiwa sai ta saki, ƙugu ya kwanta a kan katifa. Shi ya sa mai ciwon baya, ba tare da kowa ya koya masa ba, yake naɗe ƙafa idan ya kwanta. Gado mai ɗagawa yana riƙe masa wannan yanayi har safe.

Masu talla suna son ambaton NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, a nan. Gaskiya ne a shekarun 1970 an lura da yadda jikin 'yan sama-jannati a tashar Skylab yake ɗan lanƙwashewa da kansa, a ƙugu da gwiwa, idan babu nauyi a kansa, kuma wannan siffa ce masu ƙera gadaje suke kwaikwayo. Kwanciya ce mai daɗi, babu musu. Amma lura da jikin mutum a sararin samaniya daban, warkar da ƙugun direba a Kawo daban.

Wanda ya fi kowa morar gadon a cikin masu ciwon baya shi ne wanda hanyar jijiyoyin bayansa ta ƙuntata saboda shekaru. Za ka gane shi: dattijo ne da idan ya kama hanyar masallaci sai ƙafafunsa su yi nauyi ko su yi sanyi, ya tsaya ya zauna a dakali ko ya sunkuya a kan sandarsa, nan da nan ya ji sauƙi. Sunkuyon yana ɗan buɗe hanyar jijiyoyin. Irin wannan bawan Allah, kwanciya sambal azaba ce gare shi, ɗaga kai da gwiwa kuwa rahama. Haka wanda aka yi wa aiki a baya ko a ciki, wanda tashi daga kwance ya fi masa komai zafi.

Sai dai ba kowane baya ne ke son lanƙwasa ba. Wasu masu matsalar faifai, zama da sunkuyo ne ke tayar musu da ciwon, tsayuwa da tafiya ke kwantar da shi. Irin wannan idan ya kwana ƙugunsa a naɗe, yana iya wayar gari ya fi jiya. Akwai kuma abin da masu sayarwa ba sa faɗa: an tsara gadon ne don mai kwanciya rigingine. Mai kwanciya a gefe, in an ɗaga kai sosai, ƙugunsa zai karye ta inda ba a halicce shi ya karye ba. Mai kwanciya rubda ciki kuwa ba shi da rabo a ciki ko kaɗan.

Game da shimfiɗa, hujja mafi ƙarfi da ake da ita ta shafi katifa ne. A 2003 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani bincike da aka yi a Sifen a kan mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon baya. An ba wasu katifa mai tauri sosai, wasu mai matsakaicin tauri, bayan kwana 90 masu matsakaiciyar suka fi samun sauƙi. Wannan ya ci karo da abin da muka saba ji, wai mai ciwon baya ya koma tabarma, ko ya sayi katifar nan mai taurin dutse da masu shago ke kira otofedik. Katifar da ta lotsa a tsakiya cuta ce, amma maganinta ba sai an koma kan siminti ba.

A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan daɗaɗɗen ciwon baya. Abin da ta sa a gaba shi ne fahimtar da mai ciwo, motsa jiki, da aikin likitocin gashin ƙashi. Ta kuma yi gargaɗi kan magunguna masu ƙarfi na dangin tiramol, gargaɗin da ya kamata matasanmu masu aikin ƙarfi su ji da kunnen basira. Abin da ke damuna da gado mai daɗi shi ne kada ya zama dalilin da mai ciwo zai ƙara daɗewa a kwance, ya ci abinci a kai, ya kalli talabijin a kai, ya wuni a kai. Dogon kwanci yana raunana tsokar baya. Gadon na dare ne, da rana bayan mutum tafiya yake so.

Inda na fi gamsuwa da amfaninsa shi ne ƙwannafi, duk da ba shi ake sa wa a gaba wajen talla ba. A mahaɗar maƙogwaro da tumbi akwai wata tsoka da ke tsuke hanya don kada ruwan tsamin ciki ya dawo sama. Idan ta yi sako-sako, al'amarin kamar kwalbar manja ce da murfinta bai kama ba: tana tsaye lafiya, da an kwantar da ita sai ta tsiyaye. Ga mu kuma da cin abinci mai nauyi da daddare. Tuwo da miya mai yaji bayan isha'i, a bi da tsire ko shayi mai kauri, a faɗa gado. A watan azumi a yi sahur a koma barci. Can cikin dare mutum ya farka da zafi a ƙirji, ɗaci a baki, tari, wani lokaci da dashewar murya da safe, ya ce olsa ce ta tashi. Shawarar da likitoci suka daɗe suna bayarwa ita ce a ɗaga wajen kai da santimita 15 zuwa 20, a kuma bar awa biyu zuwa uku tsakanin cin abinci da kwanciya. Tara filo uku ba ya biya, domin wuya kawai yake karyawa, ya kuma matse ciki. Ana son ƙirji gaba ɗaya ya tashi daga ƙugu. Bincike ya nuna kwanciya a hannun hagu tana rage dawowar tsamin. Musulmi ya saba farawa da hannun dama bisa sunna, don haka mai wannan larura ya zanta da malaminsa da likitansa, addini bai ƙuntata wa mara lafiya ba.

Munshari ma yana ɗan raguwa, saboda harshe da naman maƙoshi ba sa faɗawa baya sosai idan kai ya tashi. Amma idan matarka ta ce, "Maigida, numfashinka yana ɗaukewa cikin barci, sai ka zabura," kana kuma gyangyaɗi da rana, ga hawan jini, wannan ya wuce munshari. Ɗaukewar numfashi cikin barci cuta ce mai zaman kanta, akwai na'urar da ke hura iska ta hanci da aka yi dominta, kuma ga mai tuƙi a hanyar Abuja ko Zariya batu ne na rai da mutuwa. Gado taimako kaɗan zai yi.

Akwai wata tambaya da likitocin zuciya ke yawan yi: "Baba, filo nawa kake sawa kafin ka iya barci?" Ba don son jin labarin ɗaki suke yi ba. Mutumin da ba ya iya kwanciya sambal sai haki ya taso masa, ƙafafunsa suna kumbura, yana iya kasancewa zuciyarsa ta gaza kuma ruwa na taruwa a huhunsa. Gado mai ɗagawa zai sa ya yi barci, shi ne kuma haɗarin, domin zai ɓoye alamar da ya kamata ta kai shi asibiti. A fara ganin likita, gado ya biyo baya.

Kumburin ƙafa na mai tsayuwa duk yini ko mai juna biyu yana saɓewa idan an ɗaga ƙafa sama da ƙirji. Banda wanda jini ba ya isa ƙafarsa sosai, abin da ake gani a wasu masu ciwon suga da masu shan taba, shi ɗagawa ƙara masa zafi take yi. Ƙafa ɗaya tak ta kumbura tana zafi kuwa, asibiti za a nufa a ranar. Mai ciki da ta shiga watannin ƙarshe, kwanciyar gefe aka fi so gare ta.

Yanzu ga mutanen da saboda su na ga ya wajaba a yi wannan bayani, masu jinya a gida. Idan shanyewar ɓarin jiki ta kama mahaifi ko mahaifiya, asibiti sallama yake yi bayan 'yan kwanaki, sauran aikin na gida ne, kuma kowa ya san a kan wa yake faɗawa: 'ya mace, ko matar ɗa, ko matar da ita ma shekaru sun ja. Katifa tana ƙasa. Sau nawa a rana za ta durƙusa ta ce, "Sannu Baba, bari in tayar da kai ka sha kunu," ta sa hannu a hammatarsa ta ɗago mutumin da ya fi ta nauyi? A juya shi, a canza zani, a yi masa alwala. Kafin shekara ta zagayo gidan ya koma masu ciwo biyu, ita kuma ba mai tambayar lafiyar bayanta, domin ana ganin ladan jinya ya ishe ta. Ladan yana nan in sha Allahu, amma ƙugunta ma amana ce. A irin wannan gida, gadon asibiti mai hannun murɗawa ya fi sabuwar kujerar falo da duk wani kayan ƙawa. Idan an samu wanda tsayinsa gaba ɗaya ke hawa da sauka, ya fi, don mai jinya ta yi aiki a tsaye. 'Yan'uwan da ke Abuja ko Legas suna turo kuɗin magani, su sani wannan ma magani ne.

Shi kansa mara lafiyan mutuncinsa yake dawowa. Ya zauna ya fuskanci masu gaishe shi, ya ci abinci ba tare da ya ƙware ba, ya yi salla a zaune. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya ce a yi salla a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kan gefe. Dattijon da ya samu ya tashi daga mataki na uku ya koma na biyu, shi ya san abin da ya samu.

Amma gadon yana da ƙa'ida. Wanda ba ya iya motsi, idan an bar kansa a ɗage sosai na dogon lokaci, jikinsa yana zamewa ƙasa a hankali, fatar kwankwaso ta riƙa gogewa har gyambon kwanciya ya ɓullo, gyambon da ke da wuyar warkewa. Don haka ma'aikatan jinya ba sa son ɗagawar ta wuce digiri 30 in ba lokacin cin abinci ba. A fara ɗaga gwiwa kaɗan kafin kai, don a tare zamewar. Bayan cin abinci a bar shi a kishingiɗe kamar rabin awa zuwa awa ɗaya. A ci gaba da juya shi duk bayan awa biyu, domin babu gadon da ya ɗauke wannan aiki. Ƙarafan gefe suna hana faɗuwa, amma tsoho mai ruɗewa yana iya maƙalewa tsakaninsu da katifa, sai a tabbata babu rata. Yara kada su yi wasa da rimot ko su shiga ƙarƙashi. Jariri kuwa ba a kwantar da shi a shimfiɗa mai gangara, rigingine ake sa shi a wuri shimfiɗaɗɗe mai ɗan tauri. A 2022 Amurka ta kafa dokar haramta sayar da gadajen jarirai masu gangara saboda rayukan da aka rasa.

Sai batun saye, a garin da wuta take zuwa ta tafi. Injin gadon ba ya cin wuta sosai, kuma sai lokacin da yake motsi, ƙaramin inbata ko sola za su ɗauke shi. Tambayar da za ka yi wa mai shago ita ce: idan an ɗauke wuta kai yana sama, yaya za a sauke shi? Wasu suna da wurin batir na gaggawa, wasu suna da hannun murɗawa, wasu ba su da ko ɗaya. Idan na gwanjo ne daga Amurka, a duba, domin wutarsu bolt 120 ce, tamu 230, jona shi kai tsaye ƙona shi ne. A sa masa abin da ke rage ƙarfin wuta zuwa bolt 120. A tambayi nauyin da yake ɗauka, da wanda zai gyara injin a nan Kaduna idan ya tsaya. Katifar gidanka ma ba lallai ta dace ba: mai sifirin da ƙarfe ya zagaye bakinta ba ta lanƙwasuwa, soso mai kauri da tauri ma haka. Soson nan mai bin siffar jiki yana lanƙwasuwa da kyau, sai dai yana riƙe zafi, wanda ya san dararen Maris da Afrilu a Tudun Wada ko Rigasa ya yi tunani a kai. Miji da mata kuma, in larurar ta mutum ɗaya ce, akwai mai rabi biyu da kowa ke juya nasa.

Shawarata ga mai ƙwannafi ko ciwon ƙugu ita ce ya gwada karkatar da araha kafin ya sayi inji. A sa bulo ko katako mai faɗi a ƙarƙashin ƙafafun gado na wajen kai, a tabbata ya zauna daram. Ko a je wurin masu katifa su yanka soso mai gangara, kauri a sama siriri a ƙasa, wanda zai kama daga ƙugu zuwa kai. Mai kwanciya rigingine ya sa filo a ƙarƙashin gwiwa, mai kwanciyar gefe ya sa tsakanin gwiwoyi. A ba shi mako biyu ko uku. In an ji canji, to gadon zai yi amfani, kuma an sayi abin da aka sani. In ba a ji komai ba, inji ba zai ƙara komai ba. Masu walda a Panteka suna iya ƙera majingini mai matakai da ake ɗorawa a kan gado, sai dai a tsaya a kansu su goge kaifin ƙarfe, makullin kuma ya kama da kyau, don kada ya sauka da mara lafiya ba shiri.

Akwai ciwon bayan da bai kamata a tsaya gwada masa shimfiɗa ba ko na dare ɗaya. Idan ƙafa ta fara rauni ko tana jan ƙasa, idan tsakanin cinyoyi ya mutu ba a jin taɓawa, idan fitsari ya riƙe ko yana zuba ba sani, wannan gaggawa ce ta awoyi. Idan ciwon yana tashin mutum cikin dare ko yaya ya juya, ga zazzaɓi, ga gumin dare, ga rama, a tuna cewa tarin fuka yana cin ƙashin baya, kuma a ƙasarmu ba baƙon abu ba ne. Ana warkewa idan an kama shi da wuri, in an yi jinkiri yana barin ƙusumbi ko shanyewar ƙafafu. Haka ciwon da ya biyo bayan faɗuwa ko hatsarin babur, da na mai sikila, da na wanda ya taɓa fama da ciwon daji. Waɗannan a kai su Barau Dikko, ko Shika, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano, a ɗauki hoto a ga abin da ke ciki.